Yara Nawa, Malamai Nawa, Kuma 'Ya'yan Su Wane Ne? Sharhi Kan Alƙaluman Makarantar Share Fage Ta Gwamnati

Idan hukumar ilimi ta fitar da bayanin wata makarantar share fagen shiga firamare, alƙaluma uku take sawa a gaba: yawan yaran da aka yi wa rajista, yawan malaman da ke aiki, da kuma kashe-kashen yaran ta fuskar jinsi, shekaru, harshen gida da ƙarfin aljihun iyayensu. Daga nan sai a raba yawan yara da yawan malamai, a fitar da lamba guda, a ce yara goma sha biyar ne ga kowane malami. Wannan lambar ce iyaye ke riƙewa idan suna neman inda za su kai ɗansu, ita ce kuma jami'ai ke ɗauka su shiga taron kasafin kuɗi da ita. Ra'ayina shi ne, babu ɗaya daga cikin alƙaluman nan uku da ke da cikakkiyar ma'ana idan an karanta shi shi kaɗai, kuma lambar da ake fitarwa ta hanyar rabawa ita ce ta fi saurin ɓatar da mai karatu, domin tana bayyana makarantar da ke kan takarda, alhali yaro ɗan shekara uku a cikin aji yake yini, gaban mutum ɗaya ko biyu.

Rajista ita ce mafarin komai, don haka da ita ya kamata a fara. Yawan yaran da ake bugawa ƙidaya ce ta rana ɗaya tak, galibi 'yan makonni bayan buɗe zangon farko, kuma a ƙasashe da dama wannan ƙidayar ce ke tantance kuɗin da makaranta za ta samu a shekarar, tunda kan kowane yaro ake lissafi. Yaron da ya shigo bayan ranar ba ya cikin adadin, wanda iyayensa suka ƙaura bayan mako biyu kuma yana nan a ciki har ƙarshen shekara. Akwai kuma batun rabin yini. Makarantar da ta ce tana da yara tamanin tana iya kasancewa arba'in ne ke zuwa da safe, arba'in da rana, malamai huɗu na koyar da duka rukunan biyu. Wanda ya raba tamanin da huɗu zai ce yara ashirin ne ga malami, wanda ya leƙa ajin zai tarar da goma, kuma kowanensu ya faɗi gaskiya ta wata fuska: malamar tana kallon yara goma a lokaci guda, amma yara ashirin take sanin halinsu, take rubuta rahotonsu, take ganawa da iyayensu.

Sannan rajista daban, halarta daban. A wannan mataki na karatu fashi ya fi yawa fiye da kowane aji na firamare, saboda ƙananan yara sun fi saurin kamuwa da mura da zazzaɓi, ba sa iya zuwa da ƙafarsu, kuma iyaye da yawa suna ganin fashin kwana biyu ba komai ba ne ga wanda bai fara karatun gaske ba. Masu bincike suna kiran yaro mai yawan fashi idan ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu ko fiye. Binciken da aka yi a makarantun share fage na gwamnati a birnin Shikago na Amurka ya gano cewa a shekarar karatu ta 2011 zuwa 2012, kashi 45 cikin 100 na 'yan shekara uku da kashi 36 cikin 100 na 'yan shekara huɗu sun faɗa wannan rukuni. Kujerar da aka ƙidaya a matsayin cikakkiya, wadda gwamnati ta biya kuɗinta, tana iya zama wayam kwana ɗaya a kowane mako biyu, kuma yaran da suka fi buƙatar makarantar su ne suka fi yin fashin.

Abin da ya raba wannan mataki da firamare shi ne a yawancin ƙasashen duniya ba dole ba ne. Faransa ta zama misali na daban lokacin da ta rage shekarun fara karatun dole daga shida zuwa uku a 2019, kodayake tun kafin dokar kusan duk yaran ƙasar masu waɗannan shekaru suna zuwa makaranta. A inda babu tilas, yawan rajista yana nuna abu biyu da suka cakuɗe: sha'awar iyaye, da yawan kujerun da gwamnati ta tanada. Idan makaranta mai kujeru sittin ta yi wa yara sittin rajista shekara biyar a jere, wannan bai nuna cewa buƙatar unguwar sittin ce ba, iyakarta kawai ta cika, kuma ainihin labarin yana cikin jerin masu jira, wanda ba safai ake bugawa ba. Haka nan idan kujeru sun rage babu kowa, kuskure ne a yi saurin cewa iyaye ba sa so. Makarantar da ke tashi bayan awa uku ba ta yi wa uwar da ke aikin cikakken yini amfani ba sai in tana da mai ɗauko yaron, makarantar da ba ta da motar ɗaukar yara kuma ta rufe ƙofarta ga iyalin da ke nesa ko da ba ta faɗa ba. Rashin tilas ɗin ne ma ya sa wannan mataki ya fi girgiza idan wani abu ya faru: a shekarar karatu ta 2020 zuwa 2021, lokacin annobar korona, rajista a makarantun share fage da jihohin Amurka ke ɗaukar nauyi ta ragu da yara kusan 300,000.

Yawan haihuwa ma a nan yake fara bayyana, tunda jaririn bana shi ne ɗan share fage bayan shekara uku. A ƙasar Sin an haifi yara miliyan 17.86 a 2016, amma a 2023 adadin ya faɗo zuwa miliyan 9.02, abin da ya sa dubban makarantun reno suka rufe tun kafin makarantun sakandare su ji komai. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa akasin haka ake fama da shi. Rahoton UNICEF na 2019 ya ce yara fiye da miliyan 175 a duniya ba sa samun ilimin share fage, kuma a ƙasashe mafi talauci yaro ɗaya ne cikin biyar ke samu, duk da cewa muradun ci gaba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun yi alkawarin samar da shi ga kowane yaro kafin 2030.

Batun ma'aikata shi ne inda na fi son mai karatu ya tsaya ya yi nazari, domin a nan ne lamba ɗaya ke ɓoye abubuwa masu yawa. Tambayar farko ita ce, wa aka ƙidaya? Hukumomi da yawa ba mutane suke ƙirgawa ba, awannin aiki suke haɗawa: malamai biyu masu rabin yini sun zama malami ɗaya cikakke, shi ya sa ake ganin an rubuta cewa makaranta na da malamai huɗu da rabi. Wani lokaci ana sa malamar yara masu buƙata ta musamman a cikin jimillar, alhali ba ta da aji nata, yara biyar ko shida take zagayawa tana taimaka wa. Wannan yana ƙawata lambar ba tare da ya rage ko yaro ɗaya daga gaban malamar aji ba. Wani lokacin kuma akasin haka ake yi, a ƙidaya masu takardar shaidar koyarwa kaɗai a bar mataimaka, sai makaranta ta fito da muni fiye da yadda take. A ajin 'yan shekara uku mataimakiya ba ƙari ba ce. Ita ce ke raka yaro banɗaki, ta sauya wa wanda ya ɓata tufafinsa, ta rarrashi mai kukan rabuwa da uwa, kuma duk minti ɗaya da ta yi tana wannan aiki minti ne da malama ta samu ta ci gaba da magana da sauran yaran.

Dokokin ƙasashe sun nuna yadda ake ɗaukar wannan batu da muhimmanci, sun kuma nuna cewa ba a daidaita a kan lamba ɗaya ba. A Ingila, 'yan ƙasa da shekara biyu uku ne ga babba ɗaya. 'Yan shekara biyu huɗu ne a da, aka mayar biyar a watan Satumba na 2023. 'Yan shekara uku zuwa sama kuwa takwas ne, amma ana yarda a kai goma sha uku idan malami mai cikakkiyar takardar koyarwa ne ke tare da su. Wato doka ta ɗauka cewa zurfin horo yana iya maye gurbin hannu biyu. Ina da shakka kan iyakar wannan zato, domin horo yana gyara yadda malama ke magana da yaro, amma ba ya ba ta ido na uku. A Amurka, shirin Head Start, wanda aka kafa a 1965 domin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, ya ƙayyade cewa ajin 'yan shekara huɗu kada ya wuce yara ashirin, na 'yan shekara uku kada ya wuce goma sha bakwai, kuma a kowanne a samu manya biyu.

Ya kamata a lura cewa wannan ƙa'ida ta haɗa abu biyu, yawan yara ga kowane babba da kuma girman ajin kansa, kuma ba ɗaya ba ne. Yara ashirin da manya biyu, da yara arba'in da manya huɗu, duka goma-goma ne a lissafi, amma ɗaki mai yara arba'in hayaniyarsa ta fi, rigimar abin wasa ta fi, yaro mai kunya kuma yana iya yin mako guda babu babban da ya zauna ya yi hira da shi. Abin da ke gina harshe da tunanin yaro a waɗannan shekaru shi ne musayar magana: ya faɗi abu, a amsa masa, a ƙara masa kalma, ya sake gwadawa. Irin wannan hira ba ta yiwuwa da yara goma sha biyar a lokaci guda, kuma ita ce ainihin abin da ake saye da kuɗin ƙarin malami.

Akwai kuma abin da babu jadawalin da ke nunawa, wato daɗewar malami. A Amurka, matsakaicin albashin malamin share fage, idan an haɗa na gwamnati da na masu zaman kansu, bai kai kashi biyu cikin uku na abin da malamin ajin farko na firamare ke samu ba, kuma irin wannan giɓi ya zama ruwan dare a ƙasashe da yawa. Sakamakonsa a fili yake: wanda ya ƙware sai ya nemi komawa firamare ko ya bar koyarwa gaba ɗaya. Makaranta tana iya rubuta malamai shida a farkon shekara da shida a ƙarshenta, alhali uku daga cikinsu sababbi ne. Ga babba wannan sauyin ma'aikaci ne kawai, ga ɗan shekara uku kuwa mutumin da ya saba da shi, wanda ya san abin da ke firgita shi da abin da ke kwantar masa da hankali, shi ne ya ɓace. Da ni ne mai tsara takardar bayanin makaranta, da na sa yawan malaman da suka kai shekara uku a wurin kusa da yawan malaman gaba ɗaya.

Nauyin da ke kan malami yana da sakamakon da ake iya aunawa. Binciken da Walter Gilliam na Jami'ar Yale ya wallafa a 2005 ya nuna cewa a makarantun share fage da jihohin Amurka ke ɗaukar nauyi, ana korar yara fiye da ninki uku na yadda ake kora daga ajin farko zuwa ƙarshen sakandare, maza sun fi mata fuskantar korar nesa ba kusa ba, kuma yiwuwarta na ƙaruwa a inda yara suka yi wa babba ɗaya yawa. Yaro ɗan shekara huɗu da aka kora bai aikata abin da ya fi ƙarfin tarbiyya ba. Galibi malamar da ba ta da mai taimaka mata ce ta kai bango.

Wannan ya kawo mu ga alƙalami na uku, su wane ne yaran. Ana yawan karanta wannan sashe kamar ado, alhali shi ne ke fassara sauran biyun. A ɗauki makarantu biyu masu yara goma ga kowane babba. A ta farko, kusan duk yaran 'yan shekara huɗu ne da ke magana da harshen koyarwa a gida. A ta biyu, rabi 'yan shekara uku ne, kashi ɗaya cikin uku a makaranta suka fara jin harshen koyarwa, uku kuma a kowane aji suna da jinkirin magana ko wata larura da ke buƙatar kulawa ta daban. Lambar ɗaya ce, aikin kuwa ko kusa ba ɗaya ba ne. Ko watannin haihuwa suna da tasiri a nan, domin tazarar wata goma sha ɗaya tsakanin yara biyu 'yan aji ɗaya ta kusa kashi ɗaya cikin uku na rayuwar ɗan shekara uku.

Su kansu ma'aunan ba su da tsafta yadda ake zato. Talauci ba a auna shi kai tsaye, ana bi ta wata alama ce. A Amurka alamar da aka saba amfani da ita ita ce cancantar cin abincin makaranta kyauta, ga iyalin da kuɗin shigarsa bai wuce kashi 130 cikin 100 na mizanin talauci na ƙasa ba, ko a farashi mai rangwame har zuwa kashi 185. Iyalin da ke daf da wannan iyaka da iyalin da ba su da wurin kwana duka a layi ɗaya suke fitowa. Yawan yara masu buƙata ta musamman shi ma yana da fuska biyu: ƙarancinsu na iya nufin babu su, yana kuma iya nufin babu mai tantancewa, ko an nuna wa iyayensu tun a bakin ƙofa cewa ba a shirya musu ba. Don toshe wannan kafa ne dokar Head Start ta ce aƙalla kashi 10 cikin 100 na guraben shirin na yara masu nakasa ne. Abin da ake ƙirgawa ma ya danganta da tarihin ƙasa: makarantun Amurka suna buga rabe-raben launin fata da asali, Faransa kuwa dokarta ta 1978 ta taƙaita tattara irin wannan bayani ƙwarai. Kuma tunda makarantun share fage ƙanana ne, kason cikin ɗari yana rawa da sauƙi, domin a makaranta mai yara arba'in ƙaurar iyali biyu tana iya sauya lamba da maki biyar ko fiye ba tare da komai ya canja a unguwar ba.

Kashe-kashen yaran ba haka kawai yake faɗowa ba, dokar ɗauka ce ke haifar da shi. Shirin da aka keɓe wa matalauta zai tara 'ya'yan matalauta a ɗaki ɗaya, shirin kowa da kowa, irin wanda jihar Jojiya ta Amurka ta fara a 1995 da Oklahoma a 1998 ga 'yan shekara huɗu, zai fi cakuɗa su. Kowanne yana da hujjarsa. Keɓewa tana kai ɗan kuɗin da ake da shi wurin da ya fi amfani, cakuɗawa kuma tana da wata fa'ida da wani babban bincike na Ingila, wanda ya fara bin sawun yara kusan 3,000 tun 1997, ya gano: yara daga gidaje marasa galihu sun fi ci gaba idan suna tare da yaran gidaje daban-daban fiye da idan an tara su su kaɗai. Yara suna koyon kalmomi daga bakin juna kamar yadda suke koya daga malama. Hatta salon rajista yana tace mutane, domin tsarin wanda ya riga zuwa yana fifita iyaye masu labari da lokaci, ƙuri'a kuwa tana daidaita waɗanda suka nema ne kaɗai.

Duk mai kare kashe kuɗi a wannan fanni yana ambaton gwajin Perry, wani shirin share fage da aka yi a garin Ypsilanti na jihar Mishigan ta Amurka daga 1962 zuwa 1967. Yara 123 ne daga gidaje matalauta, 58 suka shiga shirin, aka bi sawunsu har suka manyanta, aka tarar sun fi takwarorinsu kammala karatu da samun aiki, sun kuma fi su kauce wa gidan yari. Masanin tattalin arziki James Heckman da abokan aikinsa sun ƙiyasta ribar shirin da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a shekara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka zuba ma'aikata a ciki: yara biyar zuwa shida ne ga kowane malami, malaman ƙwararru ne, kuma suna ziyartar kowane gida duk mako. Rashin adalci ne a ɗauki sakamakon Perry a yi wa jama'a alkawarinsa da aji mai yara talatin da malama ɗaya.

Sai dai cika ƙa'ida a takarda ma bai wadatar ba, kuma jihar Tenesi ta Amurka ta tabbatar da haka. Shirinta ya tanadi malami mai lasisi, aji bai wuce yara ashirin ba, goma ga kowane babba. Duk da haka, binciken Jami'ar Vanderbilt kan yara kusan 3,000, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2022, ya nuna cewa zuwa aji shida waɗanda suka shiga shirin sun gaza waɗanda ba su samu gurbi ba a jarrabawa, sun kuma fi fuskantar horo kan ladabtarwa. A Boston kuwa, binciken da ya bi yaran da suka shiga ƙuri'ar neman gurbi tsakanin 1997 da 2003 bai ga wani bambanci a makin jarrabawa ba, amma ya ga waɗanda suka ci ƙuri'ar sun fi shiga manyan makarantu da kusan maki 8 cikin 100. Masana suna ci gaba da muhawara kan dalilin wannan saɓani, kuma yawancin bayanan da suke kawowa sun shafi abin da ke faruwa a cikin aji: yawan lokacin da yara ke ɓatawa a layi da jira, yawan zama ana yi musu bita maimakon wasa da hira, da kuma inda yaran da ba su samu gurbi ba suka yini a madadin haka.

Akwai alƙalami na huɗu da ba ya fitowa a bayanin kowace makaranta, kuma shi ya kamata hukuma ta fi damuwa da shi: yawan yaran yankin masu shekarun shiga waɗanda ba su zo ba, da kuma su wane ne. Idan rabin yaran unguwa suna magana da wani harshe a gida amma kashi ɗaya cikin goma ne na 'yan makarantar, to akwai wani shinge, ko na takardu, ko na nisa, ko na rashin malamin da zai iya magana da iyayen. Gano wannan yana buƙatar a kwatanta rajistar makaranta da ƙidayar jama'a da rajistar haihuwa, kuma a nan ƙasashe da yawa ke tuntuɓe, tunda UNICEF ta ƙiyasta a 2019 cewa yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya ba a yi rajistar haihuwarsa ba. A taron da UNESCO ta shirya a Tashkent a watan Nuwamba na 2022, ƙasashe sun amince su ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin ilimi ga matakin share fage, su kuma kusanto da albashin malamansa zuwa na firamare. Gwamnatin da za ta raba wannan kuɗi tana buƙatar sanin yaran da ke wajen aji unguwa-unguwa kafin ta yanke shawarar inda za ta buɗe sabon aji da yawan manyan da za ta sa a cikinsa.